Tsuntsayen da Na Ƙara wa Baba

Port Ellery,
3 ga Maris.

Zuwa ga ƙanena Warwick,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Odette da yara. Allah ya raba ku da sharrin sanyin nan naku da kake ta yi mana kuka da shi a waya, sai ka ce wani ne ya ɗaure ka ya kai ka Kanada. Mu nan zafi bai sake mu ba tukuna. Ciyawar bayan gida ta ƙone ƙurmus, tankin ruwan sama saura kaɗan ya ƙafe. An yi wa Gwaggo Beryl aikin gwiwa, ta kuwa tashi, don jiya da na je ta kwashe rabin awa tana yi mini faɗa a kan yadda na jera mata kofuna. 'Yata Tegan ta koma makaranta a Melbourne, ba ta kira sai in tana neman wani abu. Baba yana shan maganinsa, yana ɗan taɓa abinci, in ka tambaye shi zai ce maka lafiya lau. Kada ka yarda.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko katin Kirsimeti sai an yi da gaske nake aikawa. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka, da na ji muryarka sai in ɓuge da tambayar ƙanƙara da makarantar yara. Bakina ya kasa, shi ya sa na ce bari hannu ya gwada. Na yi abin kunya, Warwick, kuma ba ni kaɗai abin ya ci ba.

Ka san ƙa'idar Kan Dutse, amma shekara goma sha tara rabonka da zama a can, kuma ko lokacin da kake nan biskit ɗin Mama ne yake kai ka, ba tsuntsu ba, don haka bari in tuna maka. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, kullum ƙarfe huɗu na yamma Baba yana kan dutsen da kujerarsa mai naɗewa da flas ɗin shayi da madubin hange, yana jiran kerlu, tsuntsayen nan nasa masu dogon baki, su tashi daga lakar bakin teku su kama hanyar arewa. Mutum biyu ke ƙirgawa, kowa a zuciyarsa, ba mai buɗe baki sai ayarin ya ɓace. Sannan kowa ya faɗi nasa, a rubuta ƙaramin. Ba a raba tsakani, ba a cewa ai za su kai kaza. In ba abin da ya tashi a rubuta sifili, a sa kwanan wata da inda iska ta fito. Shekara talatin da uku suna haka shi da Mama, tana ce masa, "Clarrie, idon nan naka akwai zari," shi kuma yana cewa nata ne ya cika rowa, amma kusan kullum nata ake rubutawa. Ka kuma tuna ranar da aka ba ka fensir kana ɗan shekara tara, aka ce arba'in da bakwai ka rubuta hamsin, wai ya fi kyan gani. Ni ce na tona ka, har da rawar kai. Baba ya sa ka goge da hannunka, bai sake ba ka fensirin ba har ƙarshen shekarar. Na daɗe ina yi maka dariya da wannan, yau kuwa in na tuna ba na iya dariyar.

Da Mama ta rasu na hau kujerarta, shekara takwas ke nan. Abin da ban gaya maka sosai ba shi ne yadda idon Baba ya lalace. Na ce maka yana raguwa, gaskiyar ita ce tun bara waccan likita ya ce tsakiyar ganin ta mutu, gefe-gefe kawai yake ɗan gani. Fuskata ma ba ya rabe ta da ta Tegan sai mun yi magana. Amma ya hana a gaya wa kowa, ka san shi da taurin kai. Sai muka koma ni ke duba madubin in faɗa, shi kuma ya rubuta da alƙalami mai kauri, hancinsa kusan a kan takarda, ya sa hannu a ƙasa kamar yadda ya saba.

Ranar farko ta waccan shekarar guda tara suka tashi. Na ce masa tara. Ya rubuta, ya ajiye alƙalamin, ya ce a rana irin wannan shekarar da ka shiga firamare saba'in da huɗu suka tashi a ayari ɗaya, har Mama ta zubar da shayi a cinyarta don murna. Muka dawo gida na soya masa kifi da dankali, ya ture farantin. Kwana uku muna zuwa, ina faɗin biyar, sifili, takwas, shi kuma yana ta ramewa a gabana, ya daina kunna rediyo, ya daina tsokanar karen maƙwabta. A rana ta biyar goma sha ɗaya suka tashi. Na ƙirga su sau biyu, goma sha ɗaya ne ba ƙari. Na buɗe baki sai na ji na ce talatin da ɗaya. Wallahi ban shirya ba, fitowa kawai ya yi. Da ka ga fuskarsa. Ya buga gwiwa ya ce, "Ka ji 'yan halak! Na san ba za su ba ni kunya ba." Ranar ya cinye kifinsa har ya kai hannu cikin nawa.

To daga nan ban iya tsayawa ba. In goma suka tashi in ce ashirin da takwas, in sha uku in ce arba'in da biyu. Har dabara na koya, ba na faɗin lamba mai cika kamar hamsin ɗinka, sai in sa mata ɗan wutsiya don ta yi kama da gaskiya. Ina gaya wa kaina ai littafin gida ne, kafin ya fita zan gyara. Ban ma rubuta na gaskiyar a ko'ina ba, wai zan tuna. Abin da na manta shi ne Baba ba ya fashin al'adarsa. Ranar Ista a bakin coci ya zaro littafin daga aljihun kwat ya miƙa wa Kawu Merv, tsohon abokinsa mai kwafe lissafin yana aika wa ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, ina tsaye ina kallo. Bayan sati biyu Kawu ya kira ni yana ihu a waya, "Glenys, 'yar nan, kin ga abin da nake gani? Ko'ina raguwa suke, namu sun ƙaru! Tsohon nan addu'arsa ta ci!" Har a takardar ƙungiya suka buga da hoton Baba. A nan ya kamata in yi magana. Na yi shiru, bara kuma na sake maimaitawa, don yanzu in na faɗi gaskiya sai a ce me ya kashe su a shekara ɗaya.

Ka ji labarin kamfanin da ke son yashe lakar ya gina tashar jiragen ruwa ta shaƙatawa da gidajen sama a bakin gaɓa. Garin ya rabu biyu a kai, har akwai waɗanda suka daina gaisawa a kanti. Waɗanda ba sa so ba su da lauya mai tsada, ba su da komai a hannu sai littafin Baba. Shekara arba'in da ɗaya ba fashin yamma ko ɗaya, ba wani wuri a gaɓar nan da ke da irinsa. Kawu Merv yana ta bugun ƙirji a gari yana cewa da littafin Clarrie kaɗai za su kwantar da kamfanin. A watan Janairu kwamitin da aka naɗa ya zauna a ɗakin taron gari. Baba ya sa kwat ɗin da ya sa a jana'izar Mama, ya sa na goge masa takalmi, ya zauna a gaba da littattafan nan goma sha huɗu a cinyarsa.

Ashe shekara biyu kamfanin yana da mutanensa a ɗaya gefen, wajen tsohuwar gadar katako, suna ƙirgawa suna ɗaukar hoto. Na sha ganin farar motarsu ta cikin madubi, na ɗauka masu kamun kifi ne. Lauyarsu wata yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Tegan da yawa ba, mai ladabi, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar tara ga Maris ɗin bara littafinka ya ce arba'in da biyu ne suka tashi ƙarfe biyar da kwata, haka ne?" Baba ya ce haka ne, da hannunsa ya rubuta. Sai ta haska hoton wannan yammar a bango. Ga Kan Dutse, ga mu nan ƙanana a kai, ga tsuntsayen suna tashi. Ina jin mutane a bayana suna ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Sha uku. Ta kawo wata ranar, ta kawo wata, har kwana shida. Baba ya juyo wajena ya ce, da ƙarfi don ka san ba ya iya raɗa, "Glenys, me suke nunawa ne a bangon?" A nan kowa ya gane ba ya gani. Yarinyar ta tambaya a hankali, to wa ke duba madubin? Na miƙe. Na faɗi komai a gaban gari.

A waje Kawu Merv ya tare ni, yana dogara sandarsa, idonsa jawur. Ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya, Glenys. Da kin zo kin ce mini idon tsohon ya tafi, ai da ni da wannan shegiyar ƙafar tawa na hau dutsen, ko da rarrafe ne." Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gaskiyar ta fi ƙaryata amfani. Da sun ga lissafin yana gangarowa shekara bayan shekara, da an ce ga ragowar da suka rage, a bar musu lakarsu. Ni na ɗauki hujjar da ta fi kowacce ƙarfi na ɓata ta da hannuna don in ga tsoho ya ci kifi. Tun ranar bai sake zuwa gidanmu ba. A gari kuwa na zama abin nishaɗi. Shirl mai gidan burodi, wadda dama tana son tashar don 'yan yawon buɗe ido, na ce ta ba ni burodi biyu, ta ce, "Biyu na gaske, ko biyu irin naki na Kan Dutse? Kar in ɗauko miki arba'in." Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya. Da can da ta sha baƙar magana, ka san ni. Ranar karɓa kawai na yi na fita.

Hukuncin ya iso ranar Talatar da ta wuce. Sun ce suna girmama ƙoƙarin Mista Tregear, wato Baba, amma ba za su iya dogara da littafin ba, tunda ba a san daga inda matsalar ta fara ba. Duka suka ajiye shi gefe, Warwick. Har shekarun Mama, ita da ko rabin tsuntsu ba ta taɓa ƙarawa ba. Wannan ne ya fi hana ni sukuni. Za a fara yashe lakar a watan Mayu. An ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma da me? Ba na son in yaudare ka kamar yadda na yaudari Baba, don haka ina gaya maka ƙarara, an gama. Ba abin da zai dawo da wurin nan.

Tun ranar taron Baba bai ce mini uffan a kan maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai dai a miƙo gishiri, a rufe taga. Na zaci ba zai ƙara hawa dutsen ba, amma ranar goma sha biyar ga Fabrairu ƙarfe huɗu saura na same shi tsaye a bakin ƙofa da hularsa da flas a hannu. Muka tafi. Ina faɗin abin da na gani, huɗu, sifili, sifili, tara, ya miƙo mini littafin in rubuta da kaina. Sati biyu muna haka kamar baƙi biyu a tashar bas.

Shekaranjiya Alhamis teku ya janye da wuri, iska ta juyo daga kudu, irin wadda suke so ta tura su. Wajen ƙarfe biyar suka fara wannan kukan nasu na tafiya, wanda ba ya kama da na sauran ranaku, suna ta kai da kawowa a kan laka, sun daina tonon ƙaguwa. Can suka tashi, suka zaga sau biyu, suka ja layi suka bi ta kanmu. Na buɗe baki sai Baba ya ɗaga hannu ya ce kar in faɗa tukuna. Ya karkatar da kai yana saurare har kukan ya ɓace. Sannan ya ce, "Shida." Na ce bakwai na gani, Baba. Ya ce, "Ƙaramin." Na rubuta shida.

Ya zuba shayi a murfin flas, bai sha ba. Ya ce, "Ke kin ɗauka ke kaɗai kika yi, ko? Ido ne ya tafi, 'yar nan, kunne yana nan. Shekara arba'in ina jin tashinsu, kya ce ban san kukan goma da kukan arba'in ba? Ranar da kika ce talatin da ɗaya, ni goma na ji. Nawa ne ƙarami. Ni ke riƙe da alƙalami, kuma naki na rubuta." Ya ce kullum yana dawowa gida da lamba biyu a kansa, ya zaɓi mai daɗin, don ya gaji da jin suna ƙarewa. Ya ce a ɗakin taro da na miƙe ya so ya miƙe tare da ni, ƙafarsa ta ƙi, ya bar ni na sha kunyar ni kaɗai, kuma wannan ne ya hana shi duban inda nake duk kwanakin nan. Ya ce, "Da uwarki na nan da ta jefa mu cikin teku mu biyun." Na zaci in na ji ba ni kaɗai ba ce zan ji sanyi. Ban ji ba. Gara mini a ce ni ce muguwar, shi yana nan yadda na san shi. Muka zauna a kan dutsen muka yi kuka kamar yara, shayin ya huce a hannunsa.

Jiya ya sa na ɗauko littattafan shekaru biyun, na ja layi a kan kowane shafi daga kusurwa zuwa kusurwa, na rubuta cewa wannan ba daidai ba ne, shi kuma ya sa hannu a ƙarƙashin kowanne. Shafi tamanin da bakwai. Na ce mu yage su kawai, ya ce ba a yage littafi, wanda zai zo nan gaba ya ga inda muka faɗi. Ban san wa yake tsammanin zai zo ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya ce in kira ka. Cewa ya yi, "A gaya wa mai hamsin ɗin nan ya zo, na yafe masa ukunsa." Ya ce kunne ba ya cikin ƙa'ida, lalura ce kawai, kuma yana so littafin ya ƙare da ido huɗu kamar yadda ya fara. Da safen nan na leƙa, talatin da takwas suka rage a lakar. In iska ta ci gaba da zuwa daga kudu, kafin ashirin ga wata ba za ka tarar da ko ɗaya ba. Na san aiki, na san nisan hanya, na san yara suna makaranta. Ba kuma zan ce maka zuwanka zai gyara wani abu ba, ba zai gyara ba, kwamiti ba zai sake buɗe littafin ba. Kawai ka zo ka zauna a kujerar Mama sati ɗaya, ka ƙirga naka in ƙirga nawa, a rubuta ƙaramin, tsoho ya sa hannu a shafin ƙarshe da zuciya ɗaya.

Abin da ba na iya cire wa raina shi ne su tsuntsayen ba su sani ba. Sun ci ƙaguwarsu sun yi ƙiba, za su tafi can arewacin duniya su yi ƙwai kamar kowace shekara. In sanyinmu ya wuce za su kamo hanya, kwana da kwanaki a sama ba ci ba sha, su zo daidai Kan Dutse a gajiye su sauke ƙafa, su tarar da ruwa mai zurfi da turakun ƙarfe. Na tambayi Baba ina za su je. Ya ce bai sani ba, kuma yana roƙon Allah kada ya kai lokacin da kunnensa zai ji suna zagaye wurin suna nema. Ban taɓa jin ya yi irin wannan addu'ar ba, ta kuwa tsorata ni.

Ka gaishe mini da Odette da kyau, ka ce mata na gode da safar da ta saƙa wa Baba, yana sa ta duk zafin nan. Ka shafa mini kan Marnie da Felix, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Gwaggo Beryl tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ka yi ƙiba a hoton da ka turo. Tegan ma na san da ta gaishe ka in da ta kira. Allah ya tsare ku, ya kawo ka lafiya in za ka zo. In kuma ba za ka iya ba, ka faɗa mini gaskiya, kada ka ƙara mini ko kwana ɗaya don in ji daɗi.

Taka har kullum,
Yayarka Glenys.

Na buɗe ambulan na ƙara wannan, yanzu muka sauko daga dutsen. Biyar na gani. Baba ya ce huɗu ya ji. Na rubuta huɗu. A idona saura talatin da uku.